Katun Ɗin Japan: Kafin Mu Tsine, Mu Karanta

Wani sabon yayi ya shigo tsakanin marubutanmu. Da wuya a yi zaman karatu, ko bikin ƙaddamar da littafi, a watse ba tare da wani ya miƙe ya gyara zaman hularsa ya yi kukan cewa yara sun bar karatu ba, kuma wai babu abin da ya raba su da littafi sai katun ɗin Japan da suke kallo a waya. Nan da nan sai ka ji zaure ya ɗauka, "Haka ne! Haka ne!" Wannan ya ce shirme ne, wancan ya ce shirka ce, wani ma har ya ce makircin Yahudu da Nasara ne, alhali kuwa yawancin mutanen Japan ba Yahudu ba ne, ba kuma Nasara ba. To, mu tambayarmu ga masu wannan kuka guda ɗaya ce tak: a cikinku wane ne ya taɓa zama ya kalli ko da ɗaya daga farko har ƙarshe? Wane ne ya taɓa buɗe littafin da aka ciro katun ɗin daga cikinsa? Ai alƙalin da ya yanke hukunci bai saurari wanda aka yi ƙara ba, ba shari'a ya yi ba, son zuciya ya yi.

Ba mu musun cewa abin ya shigo. Ya shigo har nan Shanga, inda mai neman littafin hira sai ya dangana da Yelwa ko Birnin Kebbi. Ka leƙa rumfar masu cajin waya da tura finafinai ranar kasuwa, ka ga abin da samari ke cewa a zuba musu a memori. Mu da muke riƙe da alli muna ganin sakamakon a bangon littattafan ɗalibai, inda aka cika da zanen mutane masu tsayayyen gashi da manyan idanu. Yaron da ba zai iya kawo maka sunan littattafan Hausa biyar ba, zai tsaya ya zayyano maka tarihin Naruto, da malaminsa, da malamin malaminsa, da dalilin gabar da ke tsakanin wannan dangi da wancan, bai yi tuntuɓe ba. Masu kuka su ga haka su ce yaro ya lalace. Mu kuwa abin da muka gani shi ne yaro mai ƙishirwar labari, wanda zai iya riƙe babi 700 a kansa, sai dai ba mu ne muka shayar da shi ba. Laifin wa ke nan? Na rijiyar da ya tarar da ruwa, ko na masu rijiyar da ta ƙafe?

Domin wanda bai sani ba, abin kashi biyu ne. Akwai manga (ba Manga ta gabas ba, ƙasar su mangul), wato littafin da ake ba da labari a cikinsa da zane da 'yar taƙaitacciyar magana. Akwai kuma anime, wato idan an ɗauki labarin an sa masa motsi da murya ya zama na kallo. Yawancin mashahuran anime daga manga aka ciro su. Ma'ana, tushen abin alƙalami ne da takarda. Wani marubuci ne ya zauna ya ƙulla zaren labari, ya raɗa wa taurari suna, ya sa musu magana a baki. Saboda haka batun ya shafi wannan ƙungiya kai tsaye. Wani abin sha'awa ma, daga dama ake buɗe littafin manga ana gangarawa hagu, kamar dai yadda muke buɗe littafin Ajami, don haka wanda ya saba da allo ba zai yi daburcewar da Bature ke yi ba.

Kuma ba yau abin ya fara ba. A cikin masu tsinuwar nan akwai waɗanda a shekarun 1980 suke rugawa gidan maƙwabci mai talabijin don kada Voltron ya wuce su a NTA. To, Voltron ɗin nan ɗan Japan ne, a 1981 aka yi shi da sunan GoLion, Amurkawa suka saya suka sauya masa suna da harshe. Da tauraron ɗan'adam ya kawo mana tashoshin Larabawa kuma, sai ga Kyaftin Majid mai buga ƙwallo, shi ma ɗan Japan ne da aka naɗa wa rawani. Ba mu ji an ce waɗancan yara sun lalace ba. Yau wasunsu limamai ne, wasu malaman jami'a, wasu kuma su ne ke riƙe da lasifika suna tsine wa jikokin Voltron.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a ji irin wannan magana daga bakin marubucin Hausa, wanda shi kansa tabon bulala bai gama gogewa daga bayansa ba. Bari mu ba shi tarihin manga ya gani ko bai ga fuskarsa a ciki ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Japan na cikin toka da yunwa, sai wasu ƙananan maɗaba'u a birnin Osaka suka shiga buga wasu 'yan littattafai masu jan bango a kan takarda mafi arha, ana sayar da su a teburan bakin titi tare da alewa, manyan shagunan littafi ba su ko kallon su. A nan ne wani ɗalibin likitanci mai suna Osamu Tezuka, wanda bai cika shekara 20 ba, ya fitar da Shin Takarajima a 1947. Wanda ba shi da kuɗin saye kuma sai ya je shagon haya ya karɓa ya karanta ya mayar. A 1955 ƙungiyoyin iyaye da malamai suka tashi haiƙan, suka ce waɗannan miyagun littattafai ne masu ɓata tarbiyya, har aka tara su a filayen makarantu aka cinna musu wuta. Jama'a, ba mu taɓa jin wannan labari ba? Jan bango, takarda mai arha, teburin kasuwa, shagon haya, zargin ɓata tarbiyya. Ba da wannan aka yi ta tafka muhawara a jaridunmu a shekarun 1990 ba, lokacin da su Malam Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu da sauransu suka yi ta fafatawa kan abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano? Ba a 2007 aka tara littattafan Hausa aka ƙona a bainar jama'a a Kano ba? Bambancin kawai shi ne, Tezuka bai ajiye alƙalami ba har ya rasu a 1989, ya bar zane kimanin shafi 150,000, kuma a 2006 aka buɗe gidan adana manga a birnin Kiyoto, wata jami'a a garin ta buɗe tsangaya sukutum don koyar da shi. Mu kuwa da muka samu aka ɗan sassauta mana, sai muka karɓi bulalar muna neman wanda za mu zabga wa. Lallai wanzami ba ya son jarfa.

In kuwa laifin abin shi ne baƙo ne, to sai mu fara da kwashe rabin abin da muke alfahari da shi daga kanta. Alhaji Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa, da ya zauna rubuta Magana Jari Ce wanda ya fito daga 1937, bai toshe kunnensa ba. Ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Jamus, aku mai ba da labarin ma asalinsa daga Indiya yake. Ya jiƙa su duka a tukunyar Hausa har ba ka iya gane wanne ne baƙo. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa jarumin Rasha ne aka sa wa riga da wando irin namu. Umaru Dembo ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Su kansu Japanawan haka suke yi: Dragon Ball da Akira Toriyama ya fara a 1984, daga wani tsohon labarin ƙasar Sin na sarkin birai ya samo tushe. Aro ba abin kunya ba ne ga marubuci. Abin kunya shi ne ka ari riga ka sa ta a baibai, kamar yadda muka yi shekara da shekaru muna yi wa finafinan Indiya.

To me za mu aro? Ba manyan idanu ba, ba tsalle sama da bishiya ba. Mu a ganinmu babban abin da mutanen nan suka fi mu shi ne, ba su raina abin da ke ƙofar gidansu ba.

Ga misali mafi kusa da mu. A 1973 wani mutum mai suna Takao Yaguchi, ɗan ƙauye daga lardin Akita, wanda ya ajiye aikin banki yana ɗan shekara 30 don ya koma zane, ya fara wani labari mai suna Tsurikichi Sanpei, wato Sanpei mahaukacin kamun kifi. Shekara 10 yana yin sa, ya haura juzu'i 60, aka mai da shi na kallo, Larabawa suka fassara shi da sunan Rami ƙaramin masunci. Me ke ciki? Babu ɗan sarki, babu motar alfarma. Yaro ne da kakansa mai sana'ar yin sandar fatsa, sai kogi, sai kifi. Amma kowane kifi da halinsa, kowane ruwa da lokacinsa, kowace ƙugiya da dalilin lanƙwasarta, kuma marubucin ya san su kamar yunwar cikinsa, har mai karatu ya riƙe numfashi don zare ya yi tsirit. Yanzu mu dubi kanmu. Muna zaune a bakin Kwara da tafkin Kainji. Muna da giwan ruwa da tarwaɗa da kurungu da yauni, da minjirya mai girgiza hannun wanda ya taɓa ta, da gaiwa mai kwana cikin busasshen taɓo har damina ta zagayo. Muna da birgi da taru da mamari da gura da homa, kowanne da gwaninsa. Koginmu sau biyu yake cika a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu bayan ya yi watanni yana tafiya daga ƙasar Gini ta cikin Mali. Muna da Sarkin Ruwa, muna da dorina mai kifar da jirgi, muna da tseren kwale-kwale na Rigata a Yauri. Ina labarin yaron Sarkawa da ya lashi takobin kamo giwan ruwan da ta gagari ubansa? Babu. Mun fi son mu ɗauki tauraronmu mu kai shi Dubai, garin da marubucin bai taɓa takawa ba, mu shafe shafi uku muna kwatanta labulen falo da launin leshin amarya. Sannan mu yi mamaki don ɗan masunci ya ajiye littafinmu ya koma wa baƙon da ya fi mu sanin darajar fatsa.

Haka kuma Silver Spoon, wanda wata mata mai suna Hiromu Arakawa ta yi daga 2011 zuwa 2019. Ita 'yar makiyaya ce daga tsibirin Hokkaido, ta yi shekaru tana tatsar shanu a gidansu kafin ta shiga birni. Labarin wani ɗan birni ne da ya gudo wa matsin jarrabawa ya shiga makarantar koyon noma yana zaton hutu zai yi, ya tarar da tashin asuba da kwasar kashin dabbobi, ya ga abokinsa ya bar makaranta saboda bashi ya cinye gonarsu. Akwai inda ya yi kiwon wata 'yar dabba har ya raɗa mata suna, alhali ya san mahauta ne ƙarshenta. Tasu dabbar alade ce, tamu rago. Amma duk yaron da ya taɓa kiwon ragon layya ya wayi gari ranar Salla ya san wannan ƙullutu da ke tsayawa a maƙogwaro. Wanda ya karanta wannan ba zai sake cewa ba a iya ƙulla labari da albasar Gungawa ko shinkafar fadama ba. Wannan matar dai ita ce ta yi Fullmetal Alchemist, juzu'i 27, daga 2001 zuwa 2010, labarin wa da ƙane da suka yi gangancin neman dawo da uwarsu da ta rasu, ɗaya ya rasa hannu da ƙafa, ɗaya ya rasa gangar jikinsa ɗungurungum. Duk mai son ya ga yadda ake shuka abu a babin farko a girbe shi a babin ƙarshe ba tare da zare ya tsinke ba, ya nemi wannan. 'Yan'uwanmu mata marubuta kuma su lura, mace ce ta yi shi, kuma ba labarin kishiya ba ne.

Kyaftin Majid ɗin da muka ambata, sunansa na yanka Captain Tsubasa, Yoichi Takahashi ya fara shi a 1981, lokacin da Japan ba ta da ko gasar ƙwararrun 'yan ƙwallo. Yaran da suka karanta shi suka cika filaye. A 1993 aka kafa gasar, a 1998 suka je Kofin Duniya karo na farko, a 2022 suka doke Jamus da Sifen a Ƙatar. Ba mu ce littafi ne kaɗai ya yi wannan aiki ba, amma Fernando Torres na Sifen da bakinsa ya ce katun ɗin ne ya sa masa son ƙwallo, kuma a Japan ya je ya rataye takalmansa. Mai son irin wannan ya ƙara da Slam Dunk na ƙwallon kwando da Haikyu na ƙwallon raga. Mu da ke da dambe da kokawa da langa, me muke jira?

Akwai wani da za mu ambata tare da gargaɗi, domin na manya ne, akwai zubar da jini da wasannin da ba su dace da yaro ba. Sunansa Golden Kamuy, na Satoru Noda, daga 2014 zuwa 2022. A sama labarin farautar ɓoyayyen zinariya ne. A ƙasa kuwa taska ce ta al'adun Ainu, wata ƙaramar ƙabila ta arewacin Japan da harshenta ke bakin kabari: yadda suke ɗana tarko, yadda suke dafa nama, yadda suke raɗa suna, da kalmominsu da wani masanin harshe, Hiroshi Nakagawa, yake dubawa kafin a buga. Miliyoyin matasan da ba su damu da Ainu ba suka wayi gari suna furta kalmominsu. Wannan ya taɓa mu a inda ke mana ciwo. Shanganci, ɗan'uwan Kyanganci da Busanci, yau 'yan tsirarun ƙauyuka ne suka rage da shi, yawancin Shangawa sun koma Hausa. Gunganci ma yana jin jiki. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba Turanci ne ke haɗiye su ba, harshen da muke rubutu da shi ne. Ashe ƙaramin hakkin da marubucin Hausa na wannan yanki zai biya bai kai ya sa Bashange ko Bagunge ko Bakambare a tsakiyar labarinsa ba, da sunansa na asali, da gaisuwarsa, da abincinsa, maimakon ya riƙa jawo shi don a yi dariyar gurguwar Hausarsa?

Masu cewa katun wasan yara ne, muna roƙon su da su nemi Barefoot Gen. Keiji Nakazawa yana ɗan shekara 6 aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945. Ubansa da yayarsa da ƙanensa suka mutu a ranar. A 1973 ya fara zana wannan labari na abin da idonsa ya gani, kuma a mujallar yara ya fara buga shi. Bai sassauta wa Amurka ba, bai kuma sassauta wa shugabannin sojan ƙasarsa da suka jefa talaka cikin yaƙin ba. Su haɗa da Grave of the Fireflies, fim ɗin Isao Takahata na 1988, labarin wani yaro da ƙanwarsa da yunwa ta kashe a birnin Kobe mutane na wucewa. Wanda ya kalli wannan idonsa bai kawo ruwa ba, a duba shi.

Mu fa? A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya tashi ya shanye gungu da gonaki da kaburburan kakanni, ya shanye tsohon garin Busa, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka mai da su cikin wasu gidaje masu kumburarren rufi da ba irin ginin iyayensu ba. Waɗanda suke yara a lokacin yau tsofaffi ne, kullum ana kai ɗaya makwanci da labarinsa a ciki. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a ƙasar Ngaski, gawarwakin da aka tsamo sun doshi 100. Ba a yi wata guda ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri, na ƙarshensu ba su ga gida ba sai 2023. Littafi nawa muka rubuta? Wane Nakazawa ne ya tashi a cikinmu? Ko tsohon tarihi ma, Mungo Park ya ratsa ta Yauri ya je ya halaka a Busa a 1806, 'yan'uwan nan biyu su Lander suka zo fadar Yauri a 1830 suna neman takardunsa. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi wa masana nasu aikin a kan tarihin Yauri. Wa zai yi wa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare nasa?

Sauran fannoni sai mu ratsa da sauri, don fili. Mai son labarin bincike ya nemi Detective Conan na Gosho Aoyama, wanda aka fara a 1994, ya ga yadda ake ajiye wa mai karatu alama a gabansa ba tare da ya lura ba. Mai son na asibiti, ga Black Jack na Tezuka, likitan fiɗa marar lasisi mai tatsar attajirai. Malamai 'yan'uwanmu su kalli A Silent Voice, labarin wata kurma da 'yan ajinsu suka addaba, da yadda alhakinta ya bi jagoran masu tsokanar har girmansa. Wadda ta rubuta shi, Yoshitoki Oima, uwarta tafintar kurame ce, shi ya sa hannayen da ke cikin zanen suke magana ta gaskiya. Vinland Saga na manya ne: saurayi ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman fansar ubansa, ya faɗa bauta, sannan ya gane ɗaukar fansa bai bar masa komai ba. A wannan zamani namu na ramuwar gayya tsakanin ƙauye da ruga, ba mu san wanda ya fi mu bukatar irin wannan labari ba. Shi kansa Naruton da ake zagi, maraya ne da duk gari ke ƙyama, yara na wasa iyayensu na janye su daga kusa da shi. A tambayi kowane almajiri ko ya san wannan kallo.

Sai kuma batun horo, wanda ya fi kowanne ɗaci. Mujallar Shonen Jump, wadda aka kafa a 1968, shekarar da ruwa ya ci Busa, ta kai tana buga kwafi fiye da miliyan 6 da rabi a mako guda a 1995. Marubucinta zai kawo kusan shafi 20 duk mako, edita ya zauna da shi ya yi masa fiɗa, masu karatu kuma su aiko da katin zaɓe. Labarin da ya zauna a ƙasa, cikin 'yan watanni za a sallame shi, ko ɗan wane ne. A cikin wannan matsi Eiichiro Oda ya fara One Piece a 1997, ya wuce juzu'i 100, kafin ƙarshen 2022 an buga fiye da kwafi miliyan 500. Mu kuwa mutum ya rubuta da dare, ya tura WhatsApp da safe, ko sake karantawa bai yi ba, in ka ce masa ga gyara ya ce hassada kake yi. Mun iya "mu haɗu a littafi na biyu," amma ba mu iya ba mai karatu dalilin zuwa mahaɗar ba.

Yanzu mu zo ga hujjojin masu suka, don ba duka ne na banza ba. Sun ce akwai tsiraici. Akwai, har da wanda bai kamata ko babba ya kalla ba, kuma mai rumfar tura finafinai ba ya tambayar shekarun yaro. Sun ce akwai gumaka da aljanu da tsafi. Akwai, domin mutanen ba Musulmi ba ne, kuma ba su yi alkawarin rubuta mana littafin tauhidi ba. Amma wannan hujja ce a kanmu, ba hujja ce gare mu ba. Uban da bai san bambancin Captain Tsubasa da Golden Kamuy ba, ta yaya zai ce wa ɗansa kalli wannan, bar wancan? Wanda ya haramta duka a dunƙule, yaro zai gane bai san abin da yake faɗi ba, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa ya kalli mafi muninsu. Su Japanawan da kansu sun raba abin aji-aji, na yara maza daban, na 'yan mata daban, na manya daban. Tantancewa aikin wanda ya karanta ne. Game da aljanu kuma, a yi mana adalci: wanda ya girma da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Gizo da Ƙoƙi, bai taɓa ruɗewa ya ɗauki tatsuniya a matsayin aƙida ba. Hukuncin zanen mai rai kuwa mun bar wa malamai, su ne masu fili. Abin da muka sani dai shi ne da hotunan Ka Koyi Karatu muka koyi karatu, kuma Magana Jari Ce da zanensa ya zo.

Wasu kuma suka ce ai ko mun so ba mu da masu zane, ba mu da kuɗi. Wa ke zana zaki da dawisu a bayan manyan motocin da ke bin hanyar Yelwa zuwa Kwantagora? Wa ke zana allon masu aski da na masu shayi? Wa ke zana lalle a hannun amare? Ɗaliban da muke zane wa hannu da bulala don sun ɓata bangon littafi fa? Manga baƙi da fari ne, a kan takardar da ba ta fi ta littattafanmu na kasuwa ba. Masu fassara finafinan Indiya irin su Algaita sun riga sun nuna cewa Bahaushe zai biya kuɗi don ya ji labari da harshensa. Wanda ke son ya ɗanɗana kafin ya yi magana kuma, kamfanin da ke buga Shonen Jump ya buɗe manhajar Manga Plus tun 2019, ana karanta wasu babuka kyauta da Turanci, ba sata ba, ba roƙo ba.

Don haka muna kira ga shugabannin wannan ƙungiya da su ware shafi huɗu a kowace fitowa ta wannan mujalla don labari cikin zane, a haɗa marubuci ɗaya da mai zane ɗaya, kuma a sa sharaɗin cewa labarin ya faru a inda marubucin zai iya zuwa da ƙafarsa ko da kwale-kwale. In an tashi gasa ta gaba a sa wannan rukuni a ciki. Rassan jihohi su ɗauki zama ɗaya a shekara a kalli ɗaya daga cikin waɗanda muka ambata, a fiɗe shi kamar yadda ake fiɗe littafin ɗan ƙungiya. Mu a nan mun ga ya dace a fara da tsofaffin da suka ga tashin ruwan 1968, a je da biro da takarda da na'urar ɗaukar magana tun suna iya nuna inda gungunsu yake.

Mun san za a yi mana raddi, kuma muna maraba. Sharaɗinmu ɗaya ne: duk wanda zai ɗauki alƙalami, ya rubuta a sakin layinsa na farko sunan wanda ya karanta ko ya kalla, da inda ya tsaya.